Ko Makiyayi Na Da Laifi Ga Ɗumamar Duniya?

Da can, in an yi ƙarar makiyayi, ba a kan rasa sanin abin da ya yi ba. Ko dai shanunsa sun shiga gona, ko sun gurɓata tafkin da gari ke sha, ko kuwa ya ɓoye waɗansu ran ƙidayar jangali. Mai ƙara na nan, shaidu na nan, alƙali ya aika a dubo ɓarna, a ƙiyasta, a biya, magana ta ƙare. Amma a wannan zamani an kawo wata ƙara wadda kakannin makiyaya ba su taɓa jin irinta ba. An ce saniya tana ɓata iskar duniya, har tana cikin abubuwan da ke ƙara zafi su rikita damina. Mai ƙara kuwa duniya ce duka, wurin ɓarnar ba ya dubuwa da ido, waɗanda za su fi cutuwa ma da yawansu ba a haife su ba tukuna. To, ina hukuncin wannan shari'a?

Sai a fara da jin ko zargin na da tushe. Yana da shi kuwa. Saniya da tunkiya da akuya duk masu tuƙa ne. In saniya ta haɗiye ciyawa, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta a tumbinta, waɗanda ido ba ya gani, su ke ruɓar da ita har ta zama abin da jiki zai amfana da shi. Cikin wannan aiki sai wata iska ta taso, wadda masana ke kira miten, dabba ta fid da mafi yawanta ta baki, watau gyatsa. Ita wannan iska in ta hau sama ta kan tare zafin da ya kamata ya fita daga doron ƙasa, kamar yadda murfi ke tare zafin tukunya. In aka gwada ta da hayaƙin kabon, wanda ke fitowa daga ƙona kwal da man fetur, ƙarfinta ya ninka nasa wajen sau 28 cikin shekara 100. Sai dai ba ta daɗewa kamarsa. Tsawon ranta bai wuce shekara 12 ko kusa da haka ba, alhali kabon ya kan yi ɗaruruwan shekaru.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo da abin da ya rataya gare shi su ke kawo kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita, kusan kashi biyu cikin uku na wannan kuwa daga shanu ne. Da ta sake lissafi a 2023 sai ta ce kashi 12 ne. A 2021, wajen taron Gilasgo, ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, suka yi alkawarin haɗa hannu su rage miten da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Tun daga nan idanu suka ƙara komawa kan garke.

Yanzu kuma a saurari wanda a ke ƙara. Makiyayin da ke tsakanin Sakkwato da Borno, ko tsakanin Tawa da Damagaram, in da za a kira shi ya yi magana, cewa zai yi kiwon da ya ke yi shi ubansa ya yi, shi kakansa ya yi, duniya kuwa ba ta ɗumama ba sai da aka soma haƙo kwal da mai ana ƙonawa a waɗansu ƙasashe. Ba shi da mota, ba shi da lantarki, abin da ya mallaka duka ya kan ɗoru bisa takarkari biyu. Lissafi ma ya goyi bayansa, gama nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fid da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa kowace shekara. Sa'an nan in damina ta rikice, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda mai shanu ɗari ya kan wayi gari da sanda kaɗai. A ce wannan mutum shi zai rage dukiyarsa don gyaran ɓarnar da waɗansu suka yi arziki da ita, ai an koma kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Har wa yau akwai magana game da mudun da a ke awo da shi. In an raba iskar bisa yawan madarar da aka samu, saniyar Afirka ce ke fitowa da baƙar fuska. Wannan hukuma da aka ambata ta nuna a 2010 cewa kowane kilo na madara a Afirka kudu da Sahara yana tafe da abin da ya yi daidai da kilo 7.5 na kabon, alhali matsakaicin duniya 2.4 ne. Dalili kuwa, bunajin da ke kiwon daji da ƙyar a kan tatsi lita 1 ko 2 gare ta a yini, saniyar Holan kuwa ta kan ba da 25 ko fiye. Amma wannan mudu ya manta da abubuwa da yawa. Ya manta da takin da ke raya gonar manomi, da bijimin da ke jan garma, da cewa bunaji tana mai da ciyawar da mutum ba ya ci ta zama abinci, a ƙasar da ba ta nomuwa. Wani bincike da aka yi a yankin Farlo na arewacin Sanagal, aka buga a 2019, ya auna makiyaya ɗungum, da shanunta da itatuwanta da ƙasarta, ya tarar abin da ke fita da abin da ƙasa da itatuwa ke shanyewa sun kusa yin daidai. Ashe wanda ya zaɓi mudu ya riga ya yanke rabin hukunci.

To, in haka ne, sai a sallami makiyayi a ce ba ruwansa? A nan ne wajibi a rarrabe tsakanin laifi da nauyi. In gobara ta tashi a gari, wanda ya yi sakaci da wuta shi ke da laifi, shi kuma za a bi diyya. Amma maƙwabcin da ya naɗe hannu ya ce tun da ba shi ya kunna ba, ba zai ɗauki tulu ba, kowa ya san inda dannin gidansa zai kwana. Jama'ar Afirka tana ƙaruwa, garuruwa suna neman nama da nono, garkuna suna yawaita, sabo da haka abin da ya ke kaɗan jiya ba zai tabbata kaɗan ba. Kuma tun da miten gajeren rai gare ta, rage ta shi ne ya fi saurin kawo sauƙin zafi, ƙasashen da rana ta fi gasawa kuwa su za su fara jin daɗin sauƙin. Watau makiyayi ba shi da laifi, amma yana da nasa rabo na aiki.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne, iskar nan hasara ce ga mai saniya tun kafin ta zama hasara ga duniya. Masana sun auna, sun ce daga kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci ta wannan hanya ya ke salwanta. A dubi yadda shekara ke tafiya. Da damina saniya ta yi ƙiba, da rani ta koma cin busasshiyar ciyawa, ta zub da abin da ta tara. Ba ta fara haihuwa sai ta shekara 4 ko 5, sa'an nan ta riƙa tsallake shekara. Maraƙi kuwa in ya mutu yana ƙarami, duk ciyawar da uwar ta ci dominsa, da gyatsar da ta yi, sun tafi a banza. In aka tanadi harawa da dusa da angurya don rani, aka yi allurar ciwon huhu, aka yi maganin sammore da hanta, sai nono ya ƙaru bisa ga kowace saniya. Hukumar nan ta ce in da masu kiwo na kowane yanki za su bi hanyar waɗanda suka fi ƙwarewa cikin maƙwabtansu, da an rage kusan kashi 30 cikin 100. Kada a ce abin ya fi ƙarfin mutane. Bushiya, wadda ta sha share garkuna, allura ce ta kawad da ita, har aka yi shelar ƙarewarta daga duniya a 2011. Manoman Maraɗi da Damagaram kuma, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su toho a gonakinsu, ƙasa ta farfaɗo, dabba ta sami abin ci da rani.

Sai dai akwai ƙulli guda wanda bai kamata a ɓoye ba. Saniyar da ta ƙoshi ta fi ramammiya gyatsa. Ragin yana samuwa ne kaɗai in shanu talatin masu lafiya suka tsaya a matsayin hamsin ramammu. To, me ya sa makiyayi ke riƙe da hamsin? Waɗansu su kan ce alfahari ne, amma wanda ya san daji ya san lissafi ne. Garke shi ne bankinsa, shi ne rumbunsa, shi ne sadakin ɗansa. In fari ya kashe rabi, mai hamsin ya tashi da abin sake iri, mai goma kuwa ya zama ɗan kiwon wani. Wanda ya ce masa ya rage, bai ba shi wani abin dogara ba, daidai ya ke da wanda ya ce wa mutum ya yaye jinkarsa da damina don za a kawo masa kwano baɗi. Haka kuma ba mai shuka ciyawa a ƙasar da bai tabbata za a bar shi ya yanka ba. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma da yawansu, da burtalin da ke sada su, gonaki da gidaje sun cinye. A gundumar Marsabit ta Kenya an soma a 2010 wata irin inshora wadda ke biyan makiyayi in tauraron ɗan Adam ya nuna ciyawa ta ƙone. Irin wannan ne ke sa mutum ya yarda ya sayad da tsofaffin shanunsa tun suna da daraja.

Saura maganar wanda zai biya. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022. Abin da su ke bayarwa kuwa bai kamata a kira shi kyauta ba, gama biyan ɓarna ne. Hukumomin gida ma suna da nasu. Laifi tudu ne, a kan taka nasa a hango na wani. Ƙasar da ta daɗe tana ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin mai na Neja Dalta ba ta da bakin fara tuhuma daga ruga. Nijeriya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Amfaninsu zai bayyana ran da allura da iri da shawara suka isa mashekari kan kari.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci ke nan. Kada a nemi makiyayi da wani abu wanda zai rage ƙwaryar nonon 'ya'yansa. A neme shi da abin da zai gyara saniyarsa, a ba shi ƙasar da zai amince da ita, da kasuwa, da madogara ran fari, kuɗin kuwa ya fito daga waɗanda suka fi cin moriyar hayaƙi. In an yi masa wannan, sa'an nan ya ƙi, ya ci gaba da tara ramammu yana cinna wa daji wuta, to, a ran nan ne laifi zai hau kansa, a kuma yi masa ƙara da hujja.