Ɗana, Ajiyewa Ba Karantawa Ba Ce

 Matso kusa mu yi magana kan manhajar nan da kai da tsaranka kuka runguma, wadda ake adana rubutu a cikinta don a karanta in an sami sarari. Duk bayan 'yan watanni sai masu ita su yi shelar sabon abu. Yau su ce tana karanta wa mutum rubutu da murya, gobe su ce ta fara aiki a kan wata sabuwar na'ura. Kai kuma sai ka yi murna, ka sabunta ta, ka ci gaba da tarawa. Ban zo in raba ka da ita ba, domin abu ce mai amfani, kuma ina jin daɗin ganin matashi yana kwaɗayin karatu. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: duk yadda aka ƙawata manhaja, duk yawan na'urorin da take hawa, ba za ta yi maka karatun ba. Abin da ka karanta ya zauna maka a ƙirji, shi kaɗai ne naka.

Bari in fara da ba ka labarin asalin irin wannan manhaja, don ka san darajar abin da ke hannunka. A shekarar 2007 wani matashi a Amurka mai suna Nate Weiner ya ƙirƙiro wani ɗan ƙari da ake liƙa wa burauzar Firefox, ya sa masa suna Read It Later. A 2012 aka sauya masa suna zuwa Pocket. A farkon 2008 kuma Marco Arment, wanda a lokacin yake aiki a Tumblr, ya fito da Instapaper. Damuwarsa ba ta da wani nisa da taka: yakan ci karo da dogon rubutu mai kyau yana tsakiyar aiki, babu halin karantawa, in kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa gida ga lokaci amma babu rubutun. Sai ya nemi hanyar haɗa lokacin da rubutun.

Yadda abin yake aiki kuwa, kana danna alamar ajiya sai manhajar ta ɗauko shafin, ta yaye tallace-tallace da tarkacen da ke gefe, ta bar maka zallar rubutu, ta sauke shi a wayarka. Daga nan ko babu sabis kana iya karantawa. Ka ga wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga irinmu. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ya sami intanet na kyauta a makaranta ya sauke maƙaloli goma, ya koma gida ko ƙauye ya karanta a natse, ya yi dabara. Wanda ya yi haka na sa masa albarka.

Da tafiya ta yi tafiya sai ƙari ya yi ta zuwa. Instapaper ta hau iPad a 2010, ta iso wayoyin Android a 2012, aka kuma ba ta hanyar tura rubutu zuwa Kindle, na'urar karatu ta kamfanin Amazon. Na'urorin karatu na Kobo suka haɗu da Pocket a 2013. Aka kawo jan layi a ƙarƙashin jumlar da ta burge ka, da rubuta sharhi a gefe, da neman kalma cikin duk abin da ka tara, da sa wa kowane rubutu lakabi don sauƙin nema. Aka kawo murya mai karantawa, da tsarin saurin karatu mai wulgo maka kalma ɗai-ɗai a fuskar waya. Yanzu ma wasu manhajojin suna amfani da ƙirƙirarriyar basira su taƙaita maka dogon rubutu cikin 'yan layuka. Sai ka fara karatu a waya ka ƙarasa a kwamfuta, daidai layin da ka tsaya.

To, a nan nake so ka buɗe kunne. Duk waɗannan abubuwa sun sauƙaƙa ajiya, amma babu ko ɗaya da ya ƙara maka sa'a guda a kan ashirin da huɗun da Allah ya ba ka. Ajiye rubutu dannawa ɗaya ce. Karanta shi kuwa yana cin minti ashirin ko talatin na natsuwa. Saboda haka dole abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, sai fa in ka sa wa kanka linzami. Kuma akwai wata yaudara da zuciya ke yi wa mutum: da zarar ya danna ajiya sai ya ji wani sanyi, kamar ya sauke nauyin rubutun, alhali ko sakin layi na farko bai gama ba. Haka zai yi ta yi har jerin ya kai ɗaruruwa, ya zama in ya buɗe manhajar sai gabansa ya faɗi, ya rufe ya koma kallon gajerun bidiyo. Manomin da ya cika rumbu da dawa amma bai taɓa ɗiba an sussuka an kai niƙa ba, iyalinsa da yunwa za su kwana, ƙwari kuma su cinye hatsin. Malamanmu sun daɗe suna cewa ilimi a ƙirji yake, ba a takarda ba. In haka ne ga takardar da ke hannunka, ina ga rubutun da ba ka ma buɗe ba?

Haka kuma kada sabbin abubuwan nan su ruɗe ka ka ɗauka duka ɗaya ne. Jan layi da rubuta sharhi ina ƙarfafa maka gwiwa a kansu, don suna sa ka tsaya ka yi tunani. Murya mai karantawa tana da rana ga mai raunin gani, da direba, da uwar da hannuwanta ke cikin aiki. Sai dai ka gwada ta da rubutun Hausa kafin ka biya kuɗi dominta, domin muryar da aka horar da Turanci takan dagula kalmominmu, ka kuma duba ko manhajar tana nuna ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata. Taƙaitawar na'ura kuwa, ka yi amfani da ita wajen gane ko rubutu ya cancanci lokacinka, amma kada ka karanta layi biyar ka fita kana cewa ka san abin da marubuci ya faɗa. Hujjar mutum da yadda ya jera ta su ne ke gina hankalin mai karatu, kuma su ne abin farko da taƙaitawa ke zubarwa. Wani lokaci ma na'urar takan jingina wa marubuci abin da bai ce ba. Saurin karatu shi ma haka: yana yi wa labarin yau da kullum, amma rubutun da ke buƙatar a koma baya a sake duba jumla ba a yi masa gaggawa.

Sai batun na'ura. Gaskiya ne Kindle da Kobo suna da daɗin karatu. Fuskarsu ta tawadar lantarki ce, kusan ba ta cin wuta sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana ganin rubutu ko a tsakiyar rana. Babban alherinsu ma shi ne babu saƙon WhatsApp da zai faɗo maka kana tsakiyar karatu. In Allah ya hore maka, saya. Amma kada ka ci bashi ko ka matsa wa mahaifiyarka don ka ji an ce manhajarka ta hau sabuwar na'ura, kada kuma ka ce sai ka mallake ta za ka fara karatu. Wayar da ke aljihunka ta isa. Burauzar Chrome da Opera Mini duk suna iya adana shafi don karantawa ba tare da intanet ba. Ka sauke abin da kake so, ka kashe data, ka zauna. Wanda bai iya natsuwa da ƙaramar waya ba, ko an ba shi na'urar da ta fi kowace tsada zai sami abin da zai ɗauke masa hankali.

Yanzu ga magana mafi nauyi. Wurin da kake tara rubuce-rubucen nan ba naka ba ne, na kamfani ne, kamfani kuwa yana da lissafinsa. A 2017 Mozilla, masu Firefox, suka sayi Pocket, mutane suka ce to, ta sami gidan zama. A watan Mayun 2025 sai ga sanarwa cewa za a rufe ta, domin a cewarsu yadda mutane ke amfani da intanet ya sauya, suna so su karkata ƙarfinsu ga wasu ayyukan. Ranar 8 ga Yulin 2025 aka rufe, aka ba mutane 'yan watanni su kwashe kayansu kafin a goge. Masu na'urar Kobo da suka saba tura rubutu ta Pocket sama da shekara goma suka wayi gari hanyar ta toshe, sai da kamfanin Kobo ya ƙulla da Instapaper a 2025 ɗin. Kafin nan, a ƙarshen 2024, manhajar Omnivore ita ma ta rufe bayan masu ita sun koma kamfanin ElevenLabs, wa'adin da aka ba mutane kuwa na 'yan makonni ne. Ita kanta Instapaper ta sauya hannu: Betaworks a 2013, Pinterest a 2016, sannan ta koma cin gashin kanta a 2018. A 2018 ɗin ce kuma aka dakatar da ita a ƙasashen Tarayyar Turai na sama da wata biyu saboda sabuwar dokar kare bayanan jama'a. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana.

Ka kuma lura da wani abu. Abin da masu amfani da Pocket suka iya kwashewa jerin adiresoshin shafuka ne da sunayensu, ba cikakken rubutun ba. Shafukan intanet kuwa mutuwa suke yi. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Ke nan wanda ya ajiye maƙala shekara da shekaru yana cewa sai ya sami lokaci, yana iya komawa ya tarar babu manhajar, babu shafin. Wanda kuwa ya karanta tun a lokacin ya rubuta abin da ya fahimta, babu sanarwar kamfanin da za ta taɓa shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da nake umartar ka da shi. Na farko, kafin ka danna ajiya ka tambayi kanka yaushe za ka karanta. In ba ka da amsa, bar shi ya wuce. Ba kowane rubutu aka yi dominka ba. Na biyu, ka yanka wa karatu lokaci sananne kowace rana, ko da minti ashirin ne bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ka kashe data a lokacin, ka riƙe shi kamar yadda kake riƙe alƙawari da babban mutum. Na uku, kowane ƙarshen wata ka duba jerin, abin da ya kwana biyu ba ka waiwaye shi ba ka goge ba tare da jin ciwo ba. Gajeren jeri yana kiran mutum, dogo kuwa korar mutum yake yi.

Na huɗu, ka sayi littafin rubutu da biro. Duk maƙalar da ka gama, ka rubuta layi uku da kalmominka: me marubucin ya ce, da wace hujja, kai kuma me ka gani. In ka kasa rubuta layi ukun, ba ka karanta ba tukuna, koma. Na biyar, rubutun da ka san za ka buƙace shi nan da shekaru, ka sauke cikakkensa a matsayin PDF, ka ajiye a wayarka da kuma wani wuri na biyu. Kafin ka saba da kowace manhaja, ka fara duba ko tana barin mutum ya kwashe kayansa, kuma da me da me take bayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na shida, abin da ka karanta ka faɗa wa wani, ƙaninka ko abokinka ko matarka, domin a wajen bayani ne mutum ke gane inda fahimtarsa ta yi rauni. Kada kuma ka tura wa jama'a rubutun da kai kanka ba ka karanta ba, don kana iya zama mai yaɗa ƙarya da hannunka ba ka sani ba, kuma za a tambaye ka.

Ke kuma, 'yata, da kike sauraro, duk abin da na faɗa wa ɗan'uwanki ke ma da ke nake. Sabbin abubuwa za su ci gaba da zuwa, wasu kamfanoni su tashi wasu su faɗi. Ku karɓi abin da zai taimake ku ku natsu, ku bar abin da zai ƙara muku tari kawai. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, kowa ya buɗe jerinsa ya zaɓi rubutu ɗaya, ya karanta shi daga farko har ƙarshe, gobe kuma ya ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa albarka a lokacinku, ya yi muku jagora. Wassalam.