Darasi Na 14: A Ci Bashi Domin A Biya Bashi?

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Luka 14:28-30
Ayar hadda: Misalai 22:7

Gabatarwa

'Yan'uwa, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cikin taronmu akwai masu albashi, da 'yan kasuwa, da iyayen da 'ya'yansu ke zaune a ƙasashen waje, da wuya kuwa a sami gida ɗaya wanda maganar bashi ba ta taɓa shi ba. Darasinmu na yau a kan mutum ne wanda ake binsa bashi a wuri uku ko huɗu, har wani ya ce masa, "Zo in ranta maka kuɗi, ka sallame su duka, ya zama ni kaɗai nake binka." Ya karɓa, ko kuwa ya ƙi? Bari mu duba al'amarin da hankali, mu ga abin da Maganar Allah za ta koya mana.

1. Mene ne katin bashi?

Katin da yawancinmu ke riƙe da shi a Nijeriya na cire kuɗinmu ne wanda muka ajiye a banki. Katin bashi dabam ne: da shi mutum yakan sayi kaya da kuɗin banki, ya biya daga baya. A Amurka aka soma shi. Katin Diners Club ya fito a 1950. A 1958 kuma Bank of America ya fitar da nasa a Kalifoniya, shi ne aka sake wa suna Visa a 1976. A Ingila, Barclaycard ya fito a 1966.

Ga yadda tarkon yake. Idan mutum ya biya dukan abin da ya ci a ƙarshen wata, ba ruwa a kansa. Amma banki yakan yardar masa ya biya ɗan kaɗan, saura kuwa ya dinga haihuwar ruwa wata wata. A 2023 bashin kati na mutanen Amurka ya wuce dala biliyan 1,000, ruwan da ake ɗora masa kuwa ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Dokar da ƙasar ta kafa a 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar wata shekara nawa mutum zai yi yana biya idan mafi ƙanƙantar biya kaɗai yake yi.

Domin wannan nauyi ne ake tallar haɗa bashi, watau a ci sabon bashi guda a biya katuna duka, ko kuwa a kwashe bashin a mai da shi kan sabon kati wanda ba shi da ruwa har shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. A ƙasarmu katin bashi bai yaɗu haka ba, amma manhajojin ba da bashi na wayar hannu sun tsaya a matsayinsa, mutane da yawa kuwa suna ci daga ta biyu su biya ta fari. A watan Maris 2022 kuwa sai da hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin waɗansu masu manhajar a Legas, saboda suna aika saƙon cin mutunci ga dangi da abokan wanda ya makara biya. Saboda haka darasin namu ne, ba na Amurka kaɗai ba.

2. Gwauruwa da tulun mai

Mijin matan nan mai tsoron Allah ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan annabawa, duk da haka ya mutu da bashi. Kada fa mu yi saurin cewa kowane mai bashi mai zunubi ne. Ciwo, da mutuwa, da rasa aiki sukan jefa mai adalci cikin bashi.

Mu lura da abu huɗu cikin labarin.

Na fari, ta yi magana. Ba ta ɓoye ba har a zo a kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Bashi yakan yi ƙiba cikin ɓoye. Miji yana ɓoye wa mata, mata tana ɓoye wa miji, ruwa kuwa yana ta hawa.

Na biyu, Elisha ya fara tambayarta abin da take da shi a gida. Bai aike ta wurin wani mai arziki ya ranta mata ba tukuna. Daga ɗan man da ya rage mata taimako ya soma.

Na uku, ya ce ta aro tukwane wurin maƙwabta. Ashe aro kansa ba haram ba ne. Amma ku duba irin aron: tukwane ne wofi, aka aro su domin aiki ɗaya sananne, ba ruwa a kansu, sa'ad da aiki ya ƙare kuwa sai su koma ga masu su.

Na huɗu, ya jera mata abin yi daki daki: ta sayar da man, ta biya bashi, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci daga abin da ya rage. Biyan bashi ne a gaba. Allah bai shafe bashin ba, hanyar biya ya ba ta, gama mai bin bashin ma yana da hakkinsa. Zabura 37:21 ta lasafta cin bashi da ƙin biya cikin halayen mugu.

3. Zauna tukuna, ka yi lissafi

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai ginin hasumiya domin ya koya mana mu auna abin da bin sa zai ci mana. Amma ya ɗauki misalin daga abin da kowane mai hankali ya sani, watau ba a fara babban aiki sai an zauna an ƙidaya. Haɗa bashi ba ya rage bashi ko da kwabo ɗaya a ranar da aka yi shi. Mai bin bashi kaɗai ya sake. Ko akwai riba, ko babu, lissafi ne zai nuna.

Ga misali. A ce ana bin mutum dala 6,000 a katuna 3, ruwa kashi 24 cikin 100 a shekara. Ruwan watan fari kaɗai dala 120 ne. Idan ya ƙudura ya gama cikin shekara 3, zai riƙa biyan wajen dala 235 a wata, ruwa duka ya kama wajen dala 2,470.

Idan ya sami bashi guda mai ruwa kashi 12, na shekara 3, biyan wata zai zama wajen dala 199, ruwa duka wajen dala 1,170. Ya tsira da dala 1,300. Wannan haɗawa ce mai amfani.

Amma a ce mai ba da bashin ya ce, "Me zai sa ka takura kanka? Ka biya cikin shekara 7, dala 106 kawai a wata." Abin da daɗin ji. Sai dai ruwa duka zai kai wajen dala 2,900, ya fi na katunan, ga shi kuma mutum ya ƙara wa kansa shekara 4 cikin bauta. Ƙaramin biyan wata shi ne ƙugiyar da aka fi kama mutane da ita.

Sai a ƙara da ladan da akan cire. Kwashe bashi zuwa sabon kati yakan ci kashi 3 zuwa 5 cikin 100, watau har dala 300 cikin misalinmu, in kuwa wa'adin rangwame ya cika ba a gama biya ba, ruwa mai tsada ya dawo kan saura. A nan gida kuma a tambaya sosai ko ruwan na wata ne ko na shekara, gama kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara.

4. Kada ka jinginar da shimfiɗarka

Bashin kati ba shi da jingina. Wanda ya kasa biya zai sha wuya, sunansa ya ɓaci wurin bankuna, a iya kai shi ƙara. Amma sau da yawa bashin haɗawa mai arha yana da arha ne domin an jinginar da gida, ko fili, ko mota. Nan ne hatsari mafi girma yake. Misalai 22:26-27 ta gargaɗi mai tsaya wa bashi cewa har gadon da yake kwance a kai za a iya janyewa. A zamanin Nehemiya, sura 5, Yahudawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi da haraji, daga baya suka rasa ikon fansar 'ya'yansu, gama gonakin sun zama na waɗansu. Gidan da iyali ke kwana a ciki ba naka kaɗai ba ne. Haka kuma wanda aka roƙa ya tsaya wa ɗan'uwa, ya sani bashin nasa ne in ɗan'uwan ya gaza.

5. Rufe ƙofa

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Ran da aka biya katunan, sai su koma wofi, a shirye domin sabon ciniki. Mutum ya ji sauƙi, ya ga kamar ya fita. In halin da ya kawo bashin bai sake ba, kafin shekara ta kewayo katunan sun cika, ga kuma babban bashin yana nan. Ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Saboda haka wanda zai haɗa bashi ya yanke katunan, ya goge manhajojin daga wayarsa, ya rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita kowane wata. In abin da ke fita ya fi, ba bashin da zai warkar da shi.

Akwai kuma waɗansu hanyoyi. Mutum ya iya zuwa wurin masu binsa ya roƙi a rage ruwa ko a tsara masa biya. Ya iya zuba dukan abin da ya samu kan bashi mafi tsada, yana ba sauran mafi ƙanƙantar biya, har ya kashe su ɗaya ɗaya. Ya iya sayar da abin da ba lalle ne ya riƙe ba. Ikilisiya ma tana da nata rabo: maƙwabtan gwauruwan nan ba su hana ta tukwanensu ba.

Taƙaitawa

Haɗa bashi daidai ne in abu uku sun cika: jimlar abin da za a biya ta ragu bayan an lasafta ruwa da lada da tsawon wa'adi, ba a jinginar da gida ko abin sana'a ba, an kuma rufe ƙofar sabon bashi. In ɗaya ya rasa, gara a bari. Manzo Bulus, cikin Romawa 13:8, bashi ɗaya kaɗai ya yarda ya zauna a kanmu kullum, shi ne na ƙaunar juna.

Tambayoyi

1. Don me Elisha ya fara tambayar abin da ke cikin gida?
2. Ina bambanci tsakanin aron tukwane da cin bashi mai ruwa?
3. Cikin misalin dala 6,000, me ya sa bashi mai ƙaramin ruwa ya fi tsada a ƙarshe?
4. Ya kamata miji ko mata su ci bashi ba da sanin juna ba?
5. Ƙaƙa ikilisiyarmu za ta taimaki mai bashi ba tare da ta kunyata shi ba?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka cika tukwanen gwauruwa. Ka ba mu gaskiya mu faɗi abin da ake binmu, da hikima mu yi lissafi, da haƙuri mu biya har ƙarshe. Ka koya mana wadar zuci, ka sa mu ji tausayin waɗanda muke bi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.