Shin Wa Ya Fi Sanin Iyaka?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da muka yi da abokin ɗakina, wadda har yanzu ba ta bar zuciyata ba. Shi yana karatun Hulɗar Ƙasashen Duniya ne, ni kuwa, kamar yadda ya saba yi mini ba'a, na zo jami'a in koyi harshen da na sha a nono. Wata rana da dare yana shirin jarrabawa, sai na ji yana ta maimaita cewa ƙasa ba ta cika ƙasa sai da sananniyar iyaka, kuma malaman fanninsu sukan mai da asalin wannan tsari ga sulhun Wesfaliya na 1648. Na ce masa ni kusa da iyaka aka haife ni, amma ban taɓa ganin ta ba. Ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa ake karatu.

Ni mutumin Matsinkai ne, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi. Yamma da mu akwai Jamhuriyar Benin, wadda tsofaffi har yau Dahomi suke ce mata, ko da yake tun 1975 aka sake mata suna. Yadda aka yi layi ya ratsa tsakaninmu, abokina ya fi ni sani. Shi ya gaya mini tseren da Lugga ya yi da Faransawa zuwa Nikki a 1894, da yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Faris ran 14 ga Yuni 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu biyu, Nikki ta tafi hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna hannun Ingila. Har ya ƙara mini da cewa shugabannin Afirka da kansu suka zauna a Alƙahira a 1964, suka yarda a bar iyakokin yadda Turawa suka bar su. Duk wannan yana kansa daram. Abin da bai sani ba shi ne gwaggona.

Ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Segbana, hayin Benin, kuma sana'arta kai albasa da busasshen kifi tsakanin kasuwannin nan da na can. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. Jarinta ya narke. Wannan ma da sauƙi. Cikin watannin nan kakarmu ta rasu, gwaggo ba ta iso ba sai bayan sadakar uku, ta hanyar daji, bisa babur, cikin dare, tana kwance bakin zane duk inda aka ɗaura igiya a hanya. Da na je gaishe ta, sai ta ce mini, "Ɗana, ashe yanzu ta'aziyyar uwa ma fasa-ƙwauri ce?" Alhali kuwa tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasarsu ya shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90.

Na zaci da wannan labari na gama da abokina. Ashe da sauran rina a kaba. Ya ce gwamnati ba gwaggon mutum ɗaya take dubawa ba, miliyoyi take dubawa, kuma shinkafar Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano a sulalo da ita ƙasar nan tana kashe manomin gida, balle makaman da kan bi hanya guda da ita. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Mahaifinka me yake nomawa?" Sai bakina ya mutu. Shinkafa yake nomawa a fadama, kuma a shekarar nan shanshera ta yi kuɗin da ba ta taɓa yi mana ba. Da wannan kuɗi aka biya mini jarrabawar fita sakandare. Watau dokar da ta karya gwaggo ita ta ɗora ni kan hanyar da ta kawo ni ɗakin da muke gardamar.

Saboda haka, mai karatu, ba zan ce fanninsu banza ne ba. Rikicin Benin da Nijar kan tsibirin Lete, can sama da mu cikin Kogin Kwara, Kotun Duniya ce ta raba shi a 2005, ta ba Nijar tsibirin, masu takardu suka yi aikin da a wani wuri sai an zub da jini. Tambayata ita ce, ya halatta mutum ya koyi yanke shawara kan mutanen da bai taɓa gani ba? Alƙalin ƙauye ma ba ya raba gona sai ya taka ya ga kan iyakar, ya ji bakin maƙwabta. Abokina shekararsa ta uku ke nan, ya san sassan Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa taka Tsamiya ko Lolo ko Kamba ba, bai san yadda ake canjin naira da sefa a gindin bishiya ba, ba ya jin kalma ɗaya ta Dandanci. Gobe shi za a zaunar a ofis a ce ya rubuta shawarar rufewa ko buɗewa. A nawa ganin, ko shawarar tasa ta zama daidai, akwai hakki a kansa muddin bai san wuyan wa za ta hau ba. In ya sani ya yanke, aƙalla zai bar ƙofa ga mai zuwa ta'aziyya.

Mu ma 'yan sashen Hausa kada mu yi saurin tafi. Wane ne cikinmu ya je ya rubuta abin da mai babur da mai kwalekwale da mai tallan kifi suka sani game da iyaka, don masu wancan fanni su samu abin karantawa? Ni da na fito can ban yi ba.

Na gayyaci abokina Matsinkai hutu mai zuwa, mu leƙa Segbana. Ya amsa, amma ya tambaye ni ko zai zo da fasfo. Ni kuwa abin da ke damuna daban ne, domin har yau ban gaya wa gwaggo da wane kuɗi aka biya mini jarrabawa ba.