Layar Zana da Sawun Ƙafa

Dungeons & Dragons, wasan kwaikwayon da ake yi a kan tebur, ya fito a Amurka a 1974. Dokarsa ta 2014 ta raba ɓacewa da ɓuya: mai layar zana ya tsere wa ido, amma takunsa da sawunsa na iya tona shi. 'Yan wasa kan yi ta gardama a nan, domin wanda ya ɓace gani yake ya kuɓuta. Haka makiyayin Lidiya na littafin Aflatun ya zata. Da ya tsinci zoben ɓacewa sai ya kashe sarki ya haye gadonsa. A ganina dokar wasan ta fi labarin adalci, don ta tuna da mai gadin da ke kasa kunne a bakin ƙofa.