Kama da Wane

A wani filin jirgin sama na Arewa, a ofishin da ake karɓar takardun shirin tafiyar jirage, akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ya haura shekara 30 a bakin aiki, amma duk takardar da ta zo gabansa sai ya gyara tabarau, ya jawo wani littafi da bangonsa ya sha hannu, ya duba, kana ya sallame ta. Littafin na ICAO ne, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ke Montreal a Kanada, lambarsa 8643. A cikinsa aka ba kowane samfurin jirgi alamarsa, wadda ba ta wuce baƙi huɗu.

Aka kawo masa wani saurayi ɗan koyo, mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu. Tun ranar farko yaron ya raya a ransa cewa tsufa ne ya cim ma Baba, shi ya sa komai sai an duba.

Ran nan aka ce jirgin da zai tashi Boeing 737-800 ne. Yaron ya rubuta B737 a gurbi na tara na takardar, ya miƙa.

“Ɗana, wannan ƙaninsa ka rubuta,” in ji Baba. “B737 ta 737-700 ce. Naka B738 ne, ya fi shi tsawo da kusan mita shida. Mutumin da ke hasumiya ba ya ganin jirgi sai ya iso, wannan alamar yake gani. Da ita yake sanin gudunsa, da yadda yake hawa sama, da tazarar da zai bar wa na bayansa.”

Yaron ya yi shiru yana lissafi. Can sai ya yi murmushi. “Ai na gane, Baba. A jefar da bakwai ta ƙarshe, a sa lambar samfurin. Ke nan 737-500 B735 ce, 747-400 kuma B744.”

“Haka ne.”

“To mene ne amfanin littafin?”

“Kama da wane ba ta wane,” Baba ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Dabarar yaron ta yi ta ci har wata biyu, kuma ba abin da ke ruɗin ɗan koyo kamar dabarar da ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Lokacin jigilar alhazai ya zo. Wata la’asar Baba ya fita salla, aka kawo bayanin wani babban jirgi mai zuwa Jidda, Boeing 777-300ER. Yaron ko kallon littafin bai yi ba. Ya rubuta B773, ya ƙara H ta manyan jirage, ya aika. Matuƙin ne ya gani ya dawo da takardar: nasa B77W ne, B773 wani jirgi ne daban, mai fukafukan da ba su kai nasa faɗi ba da kusan mita huɗu. Sai da aka soke aka sake aikawa, alhazai na zaune suna fifita da tikitinsu.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tambaye shi, “737 MAX 8 fa, me za ka sa?”

“B738…” yaron ya ce a hankali.

“B38M. Ni ma na san ta a ka. Amma jirage sababbi suna fitowa, baƙi huɗu kuma ba ya ƙaruwa, dole a karya tsarin wani lokaci. Ba mantuwa ke sa ni dubawa ba.”

Washegari da sassafe aka kawo takardar Airbus A320neo. Hannun yaron har ya rubuta A da 3, sai ya tsaya. Ya miƙa hannu.

“Baba, a ara mini littafin.”

Baba ya tura masa, ya kurɓi shayinsa. Yaron ya bi layi da yatsa har ya same ta, ya goge, ya rubuta A20N.