Hutun da Muke Ɗora wa Tsofaffi

Shin tausayi ne mu ce wa tsoho, "Baba, ka huta," ko kuwa hanya ce ta kawar da shi cikin ladabi? A Sabo ta Ibadan na san wani dattijo ɗan kasuwar goro. Sunayen jikokinsa sun fara kuɓuce masa, amma da ya taɓa ƙwaya ɗaya zai bambance daushe da sabon goro. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa abin da hannu ya saba da shi ya fi sunaye daɗewa a ka. Duk da haka 'ya'yansa suka hana shi fita kasuwa, wai gudun abin kunya. Kunyar wa? Tun da aka raba shi da huhun goro, ya daina ko tambayar yau wace rana ce.