HAKKIN JARIRI A CIKIN TUKUNYAR GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tambayar wannan mako ita ce: magidancin da ake cika cikin jaririnsa da koko safe da yamma, shin ya sauke nauyin ciyarwa da Shari'a ta ɗora masa?

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, aka kuma ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa gwargwadon hali. Malaman Malikiyya sun tabbatar da cewa ciyar da ƙaramin yaro marar dukiya wajibi ne a kan ubansa. To, manufar ciyarwa ita ce tsare rai da hankali, waɗanda suna cikin abubuwan da Shari'a ta zo domin ta kiyaye.

Likitoci sun bayyana cewa nonon uwa kaɗai ya ishi jariri har wata 6. Daga nan jikinsa yakan bukaci ƙari, musamman sinadarin ƙarfe mai gina jini, domin wanda aka haife shi da shi ya fara ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini, in ya kai wata 9 a mai da shi sau 3 ko 4, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Cikin jariri ƙarami ne, koko tsararo kuwa yawancinsa ruwa ne. Sai yaro ya ƙoshi ya yi barci, uwa ta saki jiki, alhali jikinsa bai sami abin da zai ginu da shi ba.

A shekarar 1935 wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, ta sanar da duniya sunan kwashiyoko, cutar da ta gani ga yaran da aka bari da kunun masara bayan nono ya yanke musu. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 kuma ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Tsumburewar da ta auku kafin shekara biyu tana da wuyar gyaruwa, kuma takan taɓa kaifin fahimta. Ta yiwu yaron da malami ke tsawata wa a kan allo, tun a goye aka tauye shi.

Mai karatu zai ce ai talauci ne. Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ba shi da shi, hakkinsa yana wuyan mawadata da shugabanni. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wani jariri da dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggauta yaye shi ne domin baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Nan take ya sa aka yi shela a daina gaggauta yaye, ya yanka rabo ga kowane jariri tun daga haihuwa.

Amma akwai gidajen da matsalarsu ta rabo ce. Tsokar nama ta maigida ce, ƙwai a kai kasuwa, har a ce in yaro ya ci ƙwai zai yi sata, maganar da ba ta da tushe a addini ko a likitanci. Ga gyaɗa da wake da waken suya da zogale a gidan. Da za a kaurara kunun, a zuba masa garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan manja, a murje ƙwai dafaffe ko kifi ko hanta a ba yaro da hannu mai tsabta, da an rage tamowa ƙwarai. Zuma kuwa, duk da falalarta, likitoci sun hana a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba.

Saboda haka amsar ita ce: wanda yake da ikon gyara abincin jaririnsa ya bar shi da koko tsararo, bai sauke nauyi ba. Babba in ya rasa nama yau zai rama gobe, kuma yana da bakin tambaya. Jariri ba shi da baki sai kuka, kuma lokacin ginuwar jikinsa in ya wuce ba ya komowa. Shi ya fi kowa cancantar mafi kyawun abin da ke cikin tukunya, kuma kowane uba za a tambaye shi kiwon da aka ba shi.

Allah Ya raya zuriyar Musulmi cikin lafiya da imani, amin.